Aljanin Ƙarƙashin Mota

Aljani ya shiga gidan wata ranar Talata da magariba. Ta ƙarƙashin motar Baba ya bi, kuma tabbas ya sha wuya, don tun da Yaya ya kai ta "wanki" cikinta ya kusa taɓa ƙasa.

Da farko nishi take yi a bakin ƙofa, tana watso tsakuwa har jikin taga. Sai sitiyari ya fara ja hagu da kansa, kamar wani ne ya riƙe shi. Cikin mako shida tayoyin gaba suka cinye ta ciki har waya ta bayyana, ta waje kuwa fes. Da wannan motar Baba ke hawa babban titi kullum da safe.

Auta ta ce a leƙa ƙarƙashi. Mama ta ce ta rufe baki, manya na magana.

Kwana uku bayan haka, rana na faɗuwa, Auta ta zube a tsakar gida. Aka kira malam, ya zauna ya yi ta karatu har duhu ya rufe fuskoki.

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Mazaunin sifirin, ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke ɗage mota," in ji wata ƙatuwar murya daga bakin Auta. "An yanke min gida don mota ta yi kyau a hoto."

"Wa ya yanke?"

Idanun Auta suka juya a hankali suka tsaya kan Yaya. Ya fara neman takalminsa.

"Ƙarya yake, Malam," Mama ta ce. "Yaron nan ko kaza ba ya iya yankawa."

Muryar ta ci gaba: "An sauke motar, tayoyin sun karkace suna tafiya a gefe guda. Ta hagu ba za ta kai Juma'a ba. Mai tuƙin ma haka."

Baba ya zauna a ƙasa.

"Me kake so ka fita?" in ji malam.

"Sabon sifirin. A saita ƙafafun a kan na'ura. Taya huɗu."

"Biyu," in ji Baba, da sauran muryarsa.

"Biyu, amma sababbi."

Auta ta yi atishawa, ta tambayi me ya tara mutane.

Washegari mai faci ya cire tayar hagu, ya dube ta, ya dubi Baba.

Aljanin bai sake dawowa ba. Auta kuwa a wannan shekarar ta gama karatun kanikanci.