Kada Ƙafarka Ta Bar Ƙasa

Ranar da Ruel Dimaano ya fara ganin Liway, goshinsa ne ya fara gaisawa da ƙofar asibitin unguwarmu. Ina zaune a benci ina jiran a duba mini gwiwa, kamar kowace Talata, sai na ji ƙum. Saurayi ne mai tsawon da bai dace da gine-ginen Santa Rufina ba, ya rako kakarsa awon jini.

Liway 'yar ƙanwata ce, ita ce nas ɗin wurin. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta ƙara ɗagawa.

"Wa ya shigo mana da falwaya?"

"Ƙofar ce gajera," in ji shi.

"Shekararta arba'in a nan, ba ta taɓa dukan kowa ba. Zauna in ga goshin, ba ni da tsani."

Ya zauna. Ta manna masa filasta, ya kafa mata ido kamar wanda aka yi wa tiyata. Ni kuwa gwiwata ta fara zugi, ga shi babu hadari.

Sunana Pilo, gyaran fanka nake yi. Shekara ashirin da shida da suka wuce sunana yana cikin jerin masu jiran zaɓe, ranar nan guda a shekara da manyan ƙungiyoyin ƙwallon kwando suke zama a Manila, kowace ta ɗauki sabon ɗan wasa idan layi ya zo kanta. Saura kwana tara aka roƙe ni in buga wasan bikin gari a filin simintinmu. Na yi tsalle, wani ɗan tsallaken gada ya shiga ƙarƙashina ina sama. Ƙarar da gwiwata ta yi har masu gasa ayaba a bakin titi sun ji.

Wanda ya shiga ƙarƙashin nawa sunansa Ambo. Ya yi ta zuwa duba ni da kwandon mangwaro har ya auri ƙanwata ya tare a unguwarmu. Yau shi ne Kapitan, mai unguwa, kuma shi ne uban Liway. Ba mu taɓa yin maganar ba. Muna cin abinci tare duk Lahadi.

Kafin wata uku kakar Ruel ta zama wadda aka fi auna wa jini a lardin nan. Liway takan nuna mini saƙonninsu, don ni kaɗai ne a gidan ba na kai rahoto.

"Gajeruwata, yau koci ya ce hankalina ba ya kan ƙwallo. Na ce masa yana asibiti."

"Falwayata, ka mai da shi kan ƙwallo. Ba zan auri wanda aka bari a benci ba, muna da Tito Pilo a gida."

Tito Pilo ni ne, wato Kawu Pilo. Na yi dariya, don ban ga abin musu ba.

Jaridu sun sa Ruel cikin goman farko a zaɓen shekarar. Kapitan bai ga abin burgewa ba. Shi Dindo yake so, ɗan mai injin casar shinkafa na tsallaken gada, mai faɗin ƙirji da ƙaramin goshi, wanda ya shekara biyu yana aiko wa Liway buhun shinkafa a madadin magana. Dindo ne kuma kaftin ɗin 'yan tsallaken gada, waɗanda suka riƙe kofin bikin gari shekara goma sha ɗaya a jere.

Ranar da Ruel ya zo neman izini da kakarsa da tukunyar dafaffen naman adobo, ya kama hannun Kapitan ya kai goshinsa kamar yadda muke gaida manya, sai da ya durƙusa kafin goshin ya iso.

"Ɗan ƙwallo," in ji Kapitan. "Yau Manila, gobe an sayar da kai birnin Dabao, jibi ka manta hanyar gida."

"Ba zan manta ba, Kapitan."

"A zamaninmu mai neman aure yana yi wa gidan yarinya hidima. Ya ɗebo ruwa, ya yi faskare. To muna da famfo, muna da gas. Hidimarka ɗaya ce: ran Asabar wasan ƙarshe, mu da tsallaken gada. Ka sa rigarmu, ka kawo mini kofi."

Cokali ya faɗi daga hannun ƙanwata. Daga Asabar ɗin, saura kwana takwas zaɓe. Na ƙirga sau biyu, sau biyun takwas.

"Tay," in ji Liway, haka take kiran ubanta, "wakilinsa ya hana shi wasan waje. Kuma siminti ne."

"A kan simintin muka girma, ga mu nan lafiya."

Bai dubi inda nake ba. Ni ma na dubi shinkafata.

Washegari ta tura wa Ruel saƙo: "Idan ka taka filin nan, ba ni ba kai. Duk Talata ina ganin abin da ya rage na mutum. Ba zan ga naka ba."

Ya amsa: "Idan ban taka ba, Tay ɗinki ba zai ba ni ke ba. Ƙungiyoyi goma sha biyu ne a Manila, ke ɗaya ce."

Ta kashe wayar. A ganinta girman kai ne irin na maza, yana so ya nuna wa Dindo. Shi kuma ya ɗauka ta gwammace ta rasa shi da ta ga ya rasa Manila. Kwana huɗu ba wanda ya yi wa wani magana.

Ranar Alhamis ina ɗaure fanka a shagon aski na ji yaran tsallaken gada suna hira. Ɗaya ya ce Dindo ya ce dogon nan sau ɗaya zai tashi sama. Sauran suka yi dariya. Da suka gan ni a kan kujera suka daina dariyar, suka dubi ƙafata.

Na nemi Ruel, na same shi yana ɗaure takalmi a bayan coci.

"Ba zan ce kada ka buga ba, na san ba za ka ji ba. Ni ma ban ji ba. Amma kada ƙafarka ta bar ƙasa."

"Tito, ƙwallon kwando ne fa."

"Ka fi kowa a filin da taƙi biyu. Miƙa hannu kawai. Wanda bai tashi ba, ba a shiga ƙarƙashinsa."

A lokacin na ɗauka ita ce shawara mafi hikima da na taɓa bayarwa. Ya kamata wannan kaɗai ya sa in yi shakka.

Asabar da la'asar filin ya cika har kan rufin motoci. 'Yan badujala suna busa, hayaƙin gasasshen nama ya rufe rabin sama. Akwai wata tsaga a simintin ƙarƙashin kwandon gabas, an cike ta da kwalta. Na san ta, a kanta na kwanta. Liway tana tsaye a bakin fili da akwatin magani, aikinta ne, ba ta dubi Ruel ba.

Ya buga kamar yadda na ce. Yana tafiya kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, yana miƙa hannu yana zuba ƙwallo. Duk inda ya juya Dindo yana manne da ƙugunsa, ba ya kallon ƙwallo, ƙafafun Ruel yake kallo.

"Tashi mana, ɗan Manila," in ji Dindo. "Ko sai nas ta ɗaga ka?"

'Yan kallo suka fara ihun tsiya. Wayoyi sun fi ɗari a sama suna ɗauka, ban kawo komai a raina ba.

Saura daƙiƙa huɗu, suna gabanmu da maki ɗaya. Ɗan wasanmu ya cilla ƙwallo sama wajen kwandon gabas, irin cillin da sai an tashi a kama. Na ga Ruel ya lanƙwasa gwiwa. Na ga Dindo ya sunkuya ya matso, kafaɗa gaba. Na buɗe baki zan yi ihu, wani ya riga ni.

"Kada ka tashi!"

Kapitan ne. Ya ture teburinsa, ya shigo har cikin fili. Ruel ya tsaya cak. Dindo, da ya riga ya saki jiki, ya wuce ta inda babu kowa ya ci siminti da haɓa. Ƙwallon ta fita waje, aka busa tashi. Shekara goma sha biyu.

Kapitan ya dawo ya wuce ta gabana, yana haki.

"Na san wannan sunkuyon," ya ce, bai ɗaga kai ba.

"Ni ma na san shi, Ambo."

Iyakar maganarmu ke nan, bayan shekara ashirin da shida.

Kafin Litinin bidiyon ya zagaya ƙasar: ɗan wasan goman farko ya yi minti arba'in bai yi tsalle ko sau ɗaya ba. Kowa ya gane abu guda, gwiwarsa ta lalace yana ɓoyewa. Wakilinsa ya daina ɗaga waya. Na ceci gwiwar yaron, na kashe masa suna.

Liway ta kunna waya ta rubuta: "Har yanzu ina fushi. Wane launi ne kwat ɗinka na ranar zaɓe? Kada mu yi shigar da ba ta dace ba."

A tsakiyar wani katafaren kanti ake zaɓen, masu sayayya suna leƙowa daga bene. Samari saba'in cikin kwat a kan kujerun roba, iyalai a baya. Zagayen farko ya wuce, ba a kira Ruel ba. Na biyu ya wuce. Kujerun gefensa suna ta zama fanko. A zagaye na huɗu wakilan ƙungiyoyi suka fara ɗaga hannu suna cewa, "A wuce mu." Idan duka suka faɗa, an tashi.

Aka ba da hutun minti biyar. Kapitan ya miƙe ya je ya dafa kafaɗar Ruel, wanda ko a zaune ya kusa kai shi tsawo.

"Ban sami kofi ba," ya ce. "Amma an yi hidima. Ko sun kira ka ko ba su kira ba, ka turo kakarka mu sa rana. In ƙwallon ta ƙi, Pilo zai koya maka gyaran fanka, ba ka bukatar kujera."

Ruel ya miƙe tsaye. Liway ta share ido ta nuna sama. Akwai wani ƙyallen talla da ya sauko daga bene, can sama da kan kowa.

"Falwayata, a nan babu Dindo. Taɓo mini wancan."

"Da kwat?"

"Da kwat."

Ya ja baya taku uku. Gwiwata ta yi wani irin zugi, na rufe ido ɗaya. Ya tashi, ya yi ta tashi, ya mari ƙyallen da tafin hannu, ya sauko a kan ƙafa biyu lafiya. Wandon ne bai tsira ba, ya yage tun daga baya har cinya, duk kantin ya ji.

Da aka dawo, ƙungiyoyi goma sha ɗaya suka ce a wuce su. Kocin ƙungiyar kamfanin kifin gwangwani, wadda ta shekara uku tana ƙarshen tebur, ya ja makirfo yana dariya.

"Ba mu mai yagaggen wandon nan."

Ruel ya hau dandamali da hular ƙungiya a kai, da jakar Liway a baya.

An ɗaura auren a cocin Santa Rufina bayan girbi. Dindo ya aiko buhun shinkafa, wannan karon har da kati. Ƙofar cocin doguwa ce, amma Liway ta ce ango ya sunkuya duk da haka, ya saba tun yanzu. Kapitan ya sa an fasa simintin filin an shimfiɗa katako, bai gaya wa kowa dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Da suka zo gabana suka kai hannuna goshinsu, na ce Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu tsawon uwarsu, ya sa duk inda suka tashi su sauka a kan ƙafafunsu. Ruel ya ce in ƙara musu da shawara. Liway ta ce addu'ar ta isa.