Katin da Lantana Ta Ƙi Cikewa

'Yan sanda sun kama Yari Abdu, maƙerin tukwane ɗan shekara arba'in da ɗaya, ranar Asabar da hantsi a maƙerarsa da ke Kekun Waje. Ya amsa cewa shi ya sace katin wani majinyaci a wani asibiti a Gusau, kwana uku bayan 'yan bindiga sun harbo jirgin yaƙi a dajin Tsafe.

Ranar Juma'a da safe aka kai rahoton satar. Sufeto Lukuman ya tarar da Lantana, mai sa wa katunan majinyata lamba, tana tsaye a bakin ɗakin ajiyar bayanai. Ta ƙi shiga ita kaɗai.

"Mene ne aikinki a nan?"

"Lamba, yallaɓai. Kowane kati lamba biyu, ta raunin da ta abin da ya jawo shi. Akwai ta farar hular da tarkacen jirgin yaƙi ya raunata. Ita na sa wa mutum takwas da aka kawo ran Litinin."

"Wanda aka sace fa?"

"Na tara ne. Malam Labbo, dattijo, daga Kekun Waje. Har yanzu bai farfaɗo ba. Na bar gurbin lambarsa ta biyu babu komai."

"Don me?"

"Ran Laraba aka kawo shi, jini na zuba sabo. Likita ya rubuta cewa gawayi da narkakken alminiyam ya ciro a ƙirjinsa. Idan abu ya fashe ba a san dalili ba, ku muke aika wa katin."

"Wa ya shigo ɗakin nan jiya?"

"Ba kowa."

Sufeto bai rubuta ba.

"Malama Lantana, wa ya shigo?"

Ta waiga bayanta kafin ta amsa. "Wanda ya kawo shi. Sau biyu yana zuwa, wai in sa masa lambar jirgi kamar sauran. Ya ce ya san unguwarmu. In ina magana sai ya juyo da kunnen dama."

Bayan an sauko Juma'a Sufeto ya isa ƙauyen da jirgin ya faɗi. Mai unguwa Yahaya ya lissafa masa mutanensa takwas da sunayen iyayensu. Babu Labbo a ciki.

"An taɓa tarkacen?"

"Wa zai taɓa? Soja sun ce duk wanda aka gani da ko ƙusa ɗaya, ɗan bindiga ne."

"Baba, sawun babur na gani har bakin ramin."

Mai unguwa ya rage murya. "Baƙo ne. Ran Talata, da buhu biyu. Hannunsa duk tabon wuta. Don Allah kar a ce ni na faɗa."

Washegari Sufeto ya je Kekun Waje, ya tambayi wanda ya kai Malam Labbo asibiti, sannan ya shiga maƙerar Yari da kurtu biyu. Murhu a sanyaye yake. An yi wa bangon gabas sabon yaɓe, amma rufin kwanon duk huji ne, rana na zubowa ta ciki.

"Ina Malam Labbo ya ji rauni?"

Yari ya juyo da kunnen dama. "Mi ka ce, ranka ya daɗe?"

Sufeto ya maimaita.

"Tsafe. Ya tafi gaida 'yarsa, jirgi ya faɗo."

"Ran Litinin jirgin ya faɗo. Kai kuma ka kai shi asibiti Laraba yana zubar da jini. Mutum yana kwana biyu jini bai daskare ba?"

Wani kurtu ya kai hannu zai ɗaga buhun da ke bayan ƙofa.

"Kar ka taɓa!" Yari ya yi ihu, ya durƙushe. "Wallahi tashi yake yi!"

Kowa ya ja da baya. Daga tsugunen Yari ya zaro katin a aljihun 'yar cikinsa, ya fara magana ba a tambaye shi ba. Ya ce alminiyam ɗin jirgi ya je nema, don ya ji an ce tukunyarsa ba ta tsagewa. A cikin abin da ya kwaso akwai wasu ƙarafa guda huɗu masu kama da bututu. Ya jefa ɗaya a wuta ya fita ɗebo yashi. Malam Labbo, maƙwabcinsa, yana zaune a gefen murhu yana jiran su ci gaba da hira.

"Tsoro na ji. In takarda ta zo gare ku, soja za su ce da ni aka harbo jirgin."

"Huɗu ka ce. Ɗaya ya fashe, ɗaya na buhu. Sauran biyun?"

"Ɗaya na ba abokin sana'ata a Karakkai. Ɗayan, babur ya kayar da ni kusa da tashar Bungudu, wani ya taya ni ɗagawa. Ya ce shi ma tukwane yake zubawa, sai na ba shi."

"Sunansa?"

"Ban tambaya ba."

"Garinsu?"

Yari ya girgiza kai. Aka sa masa ankwa, aka fita da shi zuwa mota.

Masu kwance bam sun ɗauke na buhun, sun kuma isa Karakkai kafin la'asar, suka tarar da abokin sana'ar Yari yana jera gawayi a murhu, suka karɓe nasa. Na huɗun yana hannun wani mutum mai shuɗiyar hula, in ji Yari. Har yammacin Lahadi ba a san sunansa ba, ba a kuma san ranar da zai hura wuta ba.