Rabon Gado

Ranar Laraba aka fara rabon gado, ni kuwa ban ji an yi mutuwa ba.

Wayar 'yata Ummu Salma tana caji a kan teburina, domin ɗakina kaɗai ke da wutar sola a gidan. Ina duba jarrabawar yara sai ta yi haske. Leƙen wayar mutane ba halina ba ne, amma ido ba ya neman izini. Saƙon ya ce:

"Salmata, an fara rabon gado. Ki yi sauri ki kama naki kafin Juma'a. Ina nan tsaye a kai."

Sunan mai saƙon Muhammad Nur.

Rabon gado ɗaya na sani a rayuwata. Shekara huɗu da suka wuce matata Baraka ta rasu, 'yan'uwanta suka zo daga Roni da hawaye a ido da lissafi a zuci. Wanta Ɗan'azumi ya tsaya a kan gadon aurenta yana ƙwanƙwasa katakon da yatsa kamar mai tayin kankana. Ummu Salma, 'yarmu tilo, tana da shekara goma sha huɗu a lokacin. Daga bakin ƙofa ta ce, "Kawu, a cire komai daga rabona, a bar mini gadon."

Aka bar mata. Tun ranar ita ke kwana a kansa. Ni kuwa ban sake taka ɗakin ba. Na ja katifa na shimfiɗa a ƙasa tsakanin littattafaina, su dai ba sa mutuwa su bar mutum.

Akwai wata gona a Roni da har yau ba a raba ba. Saboda haka da na karanta saƙon nan, na san abin da na gani: wani yaro ya hango gonar marainiya.

"Uwata," na kira ta. Sunan mahaifiyata ta ci, ban taɓa kiran ta da wani suna ba.

"Na'am, Baba."

"Wa ya mutu?"

"Innalillahi... a ina?"

"Ni ma abin da nake tambaya ke nan. Wane ne Muhammad Nur, kuma me ya haɗa shi da gadonki?"

Ta karɓi wayar. Ta karanta. Ta sake karantawa. Sai ta toshe bakinta da gefen hijabi, kafaɗunta suka fara girgiza.

"Baba... gado fa. Na kwanciya. Gadon ɗakin kwanan ɗalibai, a jami'a."

Sama da shekara ashirin ina koyar da Hausa a sakandare a nan Kazaure. Duk shekara sai na tsaya gaban allo na nuna wa yara cewa gadon kwanciya da gadon mamaci riga ɗaya suke sawa a rubuce, baki ne kaɗai ke raba su. Ga shi yau rigar ta ruɗe ni a gidana.

Dariyarta ce ta fi damuna. Ta uwarta ce, ba ragi.

"A ce masa ya zo," na ce, na koma kan jarrabawata.

Washegari da hantsi ya iso daga Babura a kan mashin. Tun daga nesa ya cire takalmi, ya durƙusa a zaure. Dogon yaro ne mai sanyin murya, ɗan aji uku a jami'ar da Ummu Salma ta samu gurbi a Kano, jikan Baba Kura mai hatsi na kasuwar Babura. Na san kakan. Mudunsa ba ya ƙarya, abin da ba zan iya faɗa a kan yawancin mutane ba.

"Kai ne mai rabon gado?"

"Allah ya gafarta Malam, rubutu ne ya ci amanata."

"Ba kai ya fara ci ba. Yi mini bayani."

Ya gyara zama. Ya ce akwai sabon gini, mutum huɗu a ɗaki, banɗaki a ciki, amma kafin ka ce kwabo an cinye shi. Akwai tsohon gini, mutum takwas a ɗaki, gadaje masu hawa biyu, ruwa sai an sauka ƙasa da bokiti. Akwai haya a wajen makaranta.

"Tsallake wannan," na ce.

"Sai kuma gidan dangi, in akwai."

"Akwai ƙanwata Zulaiha. Ranar farko za a ce mata 'yar gida. Rana ta uku za a miƙa mata tsintsiya da goyo. Tsallake."

"To, Baba, saura ginin makaranta. Gobe kafin a tafi masallaci za a rufe. Wanda bai kama ba sai baɗi."

Daga bayan labule muryar Ummu Salma ta fito.

"Ba na son ko ɗaya. Jeka-ka-dawo zan yi."

Yaron ya ɗago kai. "Daga Kazaure? Kullum?"

"Mota ba ta ƙare ba a tasha."

"Salma, motar tasha ba ta tashi sai ta cika. Malamin safe kuma ba ya jiran kowa. Na san waɗanda suka gwada daga Ɗambatta ma, zango ɗaya suka yi suka ajiye karatun."

"To sai in ajiye."

"Likitancin? Wanda kika hana idonki barci a kansa?"

"Wa zai dafa wa Baba? Wa zai tuna masa maganin hawan jini? Ka san in ya buɗe littafi sai ya wuni da shayi kawai a cikinsa?"

"Ni fa?" Muryarsa ta yi ƙasa, ya manta ina wurin. "Shekara biyu ina ƙirga ranar da zan gan ki a makarantar nan, abar ƙaunata. Ni ban da rabo a lissafinki?"

Da ta yi magana, na ji hawaye a ciki.

"Nur... kai kana da uwa da uba, har da kakanni. Shi ni kaɗai gare shi."

Na zauna tsakaninsu kamar kujerar da ake shawarar a sayar ko a ajiye. Na karanta labaran sarakunan da aka yi wa sadaukarwa iri-iri, ban taɓa tsammanin za a yi mini ba, ni Falalu, malamin sakandare mai baƙin hali wanda ko maƙwabta ba sa so su haɗu da shi da safe. Yarinya 'yar shekara goma sha takwas ta ɗora likitanci da masoyi a faranti ɗaya, ta tura gefe, don kada wani tsoho ya manta ƙwayar magani. Tsoro ya kama ni, irin wanda ke kama mutum idan ya tsaya gindin babban dutse ya ɗaga kai.

"Gobe da sassafe za mu Kano," na ce. "Ba a ƙin abin da ba a gani ba. Wannan aikin jahilai ne da 'yan siyasa."

Ranar Juma'a an bar iyayen sababbin ɗalibai su shiga dubawa. Muhammad Nur ya tsaya a bakin ƙofa ƙarƙashin wata darbejiya, mu kuma wata mai kula da ginin, Hajiya Nafisat, ta shige gaba da tarin makullai.

Na zaci gida zan gani. Gari na gani. Bene kan bene, igiyoyin shanya daga wannan bango zuwa wancan, bokitai jere kamar masu jiran sallah. 'Yan mata ko'ina, ba iyaka. Wata na wanki tana haddar sunayen ƙasusuwan jikin mutum da ƙarfi. Wasu biyu a kan matakala suna gardama a kan wani lissafi, ɗaya da Hausar Katsina, ɗaya da Hausar da aka koya a makaranta. Wata ta wuce mu da Alƙur'ani a hannun dama, tukunya a hagu. Duk waɗannan 'ya'yan wasu ne. Kowacce akwai gidan da ya yi shiru saboda ita.

Na tsaya. Ban san na tsaya ba sai da Hajiya Nafisat ta juyo.

"Malam, gwiwa ce?"

"A'a. Kallo nake."

Ta ce sabon gini ya cika tun Laraba. A tsohon ma saura gado ɗaya, a hawa na ƙarshe, gadon sama, a bakin taga.

"Kowa gudunsa yake," in ji ta tana haki. "Ga hawa, ga sanyi, in damina ta zo ga feshi."

Ɗakin ƙarami ne, bangon duk rubuce-rubucen waɗanda suka wuce. Ummu Salma ta shiga fuska a ɗaure, kamar wadda aka kawo ganin gidan makoki. Ta dubi gadon ƙarfen. Sai ta cire takalmi ta taka, ta hau, ta tura tagar. Gabas take kallo.

Sannan a hankali, ba da ni take ba, ba da kowa ba, ta ce:

"Wanda ya kwana a bakin taga shi ke fara ganin gari ya waye."

Na dafa ƙarfen gadon.

Maganar Baraka ce. Tun satin da aka kawo ta ta sa aka ja gadonta zuwa tagar gabas. Na yi mita a kan sauro, na yi a kan sanyi, ta ba ni wannan amsar, ta ci gaba da ba ni ita shekara goma sha tara. Bayan sallar asuba takan koma ta kishingiɗa tana fuskantar tagar, ni kuma in zauna a gefen gadon da littafi, na ba tagar baya. Takan ce, "Malam, juyo ka ga yadda rana ke fitowa daga bayan duwatsun nan." In ce, "Na karanta a littafi." Ta yi dariya ta ce, "Allah ya shirye ka."

Ban san yarinyar tana ji ba. Ban san ana gadon magana har da muryar da aka faɗe ta ba.

"Uwata, ki karɓa."

Ta juyo, idanunta jawur. "Baba..."

"Na iya dafa shinkafa. Ba ta daɗi, amma ba ta kisa. Magani kuma ki kira ni kullum ki yi mini faɗa, kin gaji wannan ma."

"Da sharaɗi."

"Ji mini yarinya. A kan gadon mutane kike kafa mini sharaɗi?"

"Na ba ka gadona."

"Wanne?"

"Ai ɗaya ne, Baba. Na kwanciyar shi ne na Umma." Ta share ido da bayan hannu. "Ba zan kwana a sama a nan ba kana kwance a ƙasa tsakanin littattafai kamar gara. In ka karɓi wancan, na karɓi wannan. In ka ƙi, mu koma tasha."

Hajiya Nafisat ta dubi agogonta, ta dube ni. "Malam, an kusa rufewa fa."

Na ɗaga kai na dubi 'yata a kan gadon sama.

"Na karɓa," na ce.

Aka rubuta sunanta ana kiran farko na sallar Juma'a. Da muka fito, Muhammad Nur ya taso daga gindin darbejiya, bakinsa bai tambaya ba amma duk fuskarsa tambaya ce.

"Ta ci gado," na ce masa.

"Alhamdu lillahi!" Ya dubi Ummu Salma, ta sunkuyar da kai tana murmushi, ya tuna da ni ya yi sauri ya kalli ƙasa.

"Ka gaida Baba Kura. Ka ce masa ina gida in yana da magana. Amma ba bana ba, ba kuma baɗi ba. Sannan ka koyi rubuta saƙo."

"In sha Allahu, Baba."

Bayan mako biyu ta tafi, da katifa a naɗe, da bokiti, da risho, da bargon uwarta saboda sanyin taga. A tasha ta riƙe hannuna. Na ce mata Allah ya yi mata albarka, ta shiga kafin direba ya sayar da kujerarta.

Na cika alkawari. Ɗakin yana nan da ƙanshin turaren wutar da na sani. Washegari da na dawo daga masallaci na zauna a gefen gadon, a inda na saba. Babu kowa a gabana, sai matashin kai. Saboda haka, karo na farko a rayuwata, na juya.

Duwatsun Kazaure baƙi ƙirin, sai gefensu ya fara ja kamar ƙarfe a maƙera. Haske ya gangaro ya taɓa ruwan dam, ruwan ya kama. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya kamar an kira sunansu. Babu littafin da ya faɗi rabin wannan. Na zauna baki buɗe, tsoho da furfura, hawaye na sauka a gemuna.

A wannan lokacin, a can Kano, na san akwai wata a gadon sama tana kallon abin da nake kallo.

Baraka, kin yi gaskiya, yana da kyau. Amma kin tafi kina zaton littafi ne ya hana ni juyowa. Shekara goma sha tara ban taɓa buɗe shafi na biyu ba a gefen gadon nan. Hasken da kike kallo a kan duwatsu, a fuskarki yake sauka, ni kuma a nan nake ganin gari ya waye.