Makaniken da Ya Hana Ni Gudu

"Ilyasu! Kai ne ka kai ƙarata wurin Koci?"

Haka na faɗa garejinsu a Apo, ko sallama babu. Ya fito daga ƙarƙashin wata mota, hannu duk baƙin mai.

"Ni ne, Rekiya."

Ko musu bai yi ba! Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Shekara uku ina gudun dogon zango, kullum bayan asuba daga Kurudu zuwa Jikwoyi in dawo. Saura sati biyar gasar kilomita arba'in da biyu, kuma Baba ya riga ya yanke hukunci: in ban ci komai a bana ba, in ajiye gudu har abada. Babban ma'aikacin gwamnati ne, a ganinsa 'yarsa ta fi ƙarfin gudu a titi, balle auren makanike.

"Koci Bartholomew ya cire sunana daga gasar. Hankalinka ya kwanta?"

"Ba ni takalminki na hagu."

"Me?"

"Don Allah, rabin raina..."

Na cire na jefa masa. Ya kife shi, ya shafa ƙasan.

"Dubi gefen nan, ya cinye tas. In mota ta zo min da taya haka, na san ta daɗe tana tafiya a karkace. Zuwa da dawowa kina fuskantar motoci ne, ƙafar hagu kullum tana gangaren kwalta. Wata biyu kina ɗingishi, kin zaci ba na gani."

"Ni ba mota ba ce!"

Na fizge takalmina na fice.

Mabel, abokiyar atisayena wadda kullum ƙeyata take kallo a tsere, ita ta share min hawaye.

"Babe, kishi ne kawai! Ba ya so ki yi suna ki fi ƙarfinsa. Sha wannan, pain ɗin zai tafi. In Koci ya ga time ɗinki, dole ya maido ki."

Na karɓi ƙwayoyin na sha, na toshe lambar Ilyasu. Ashe ita aka bai wa gurbina, ni ce ban sani ba.

Kwana tara ina gudu a ɓoye. A na goma, dab da Jikwoyi, na ji kamar an soka min ƙusa a ƙwauri. Na zube a bakin titi ina kuka.

Wa kuke zaton na kira?

Ya zo, ya sa ni a mota, ya nufi asibiti da ni. Da ma faɗa ya yi min, da na fi samun sauƙi.

Hoton asibiti ya nuna ƙashin ya fara tsagewa, siririyar tsaga kamar gashi. Likita ta ce sati takwas babu gudu. Ina kan kujera gasar ta zo ta wuce.

"Shi ke nan, magana ta ƙare," in ji Baba.

Washegari Ilyasu ya zo ya durƙusa a falonmu.

"Baba, akwai wata gasar a Disamba, shekara ba ta ƙare ba. A bar ta ta gwada. In ta sake jin ciwo, ni da kaina zan daina tako gidan nan."

Baba ya amince da sauri, don a lissafinsa ko ta ina shi ke da riba.

"Ka haukace ne?" na ce masa a ƙofar gida. "In na faɗi fa?"

"Ba za ki faɗi ba, tauraruwata. Amma sai kin ji magana."

Nan ake yin ta! Ya kafe min tsohon keke a tsakar gida, ina tuƙawa ba na zuwa ko'ina. Da likita ta ba da izini, muka fara da tafiya, sannan sassarfa a jar ƙasar gonakin Kurudu. Koci ya tsara min ƙarin nisa kaɗan-kaɗan, da hutun kwana biyu kowane sati. Ranakun hutun nan sun fi gudun wuya. Duk lokacin da Ilyasu ya ce min sannu ba ta hana zuwa, ji nake kamar in shaƙe shi.

Ranar gasa, a kilomita talatin da biyar na cim ma Mabel.

Ta waigo, ido waje.

"Ke? Ƙafar fa?"

"Tana gaishe ki!"

Na wuce ta. Na wuce wata. Na wuce wata kuma... Ƙirjina kamar zai fashe, cinyoyina na ci da wuta, amma ƙwaurin nan shiru!

Da na tsinke zaren ƙarshe, ta ɗaya a mata, wata murya na ji ta danne ta kowa.

"'Yata ce! Wallahi 'yata ce!"

Baba ne, hula a hannu, yana girgiza mutanen da bai taɓa gani ba. Na fashe da kukan murna.

Can ya mayar da hularsa, ya gyara murya.

"Kai, makanike!"

"Na'am, Baba."

"Ranar Asabar ka turo manyanka."

Ni da na yi kilomita arba'in da biyu ina tsaye daram. Ilyasu da bai yi taku ɗaya ba, shi ne ya zube zaune a kan kwalta yana dariya da hawaye.