Gwajin da Lauratu Ta Bari

Magariba ta kawo jiki a Karaye, ana yayyafi. Badaru na zaune shi kaɗai a ofishin ƙungiyar manoma, gaban kwamfutar matarsa Lauratu. Kafin rasuwarta, ita ta tsara gwajin da ke buɗe shafin ƙungiyar na intanet da kansa kowace yamma, ya duba ko sanarwa na fitowa daidai. Badaru bai san kan abin ba. Shi dai yakan ga 'yar kibiyar nan ta kan allon kwamfuta tana yawo kamar hannunta ne ke jan ta. Yau kuwa ta tsaya cak, an ce gobe za a goge gwajin.

Sai wata mata ta yi sallama, lulluɓe da mayafi, muryarta kamar daga cikin rijiya. Ko ɗigon ruwa babu a ƙafarta.

"Bawan Allah, ɗan matsa."

Ya matsa. Ta sunkuya ta taɓa madannai, kibiya ta motsa, sanarwa ta fito.

"Tashi ka je gida, Baban Hajo, yarinya ba ta ci abinci ba."

Lauratu kaɗai ke kiransa da sunan 'yarsu haka. Ta fita, ta ja masa ƙofa don kada feshi ya jiƙa shi.