Wanda Ya Shiga Gaban Baba

Ranar da Shinpei ya fara ganin Kazuha, tsaye yake a tsakiyar kogi, ruwan ƙanƙarar da ta narko daga duwatsun Hida yana dukan gwiwoyinsa, bakinsa har kunne don ya kama kifin iwana na farko a rayuwarsa. Sabon malamin firamare ne da aka turo mana daga Nagoya, a waya kuma ya koyi jefa ƙugiya.

Ita kuwa tana kan dutse riƙe da ƙunshin abincin mahaifinta, wani ɗan gashin tsuntsu ya maƙale a sumarta. Ya ɗaga mata kifin yana jiran yabo.

"Malam, ta ina ka shigo ruwan nan?" ta tambaye shi.

"Ta gada. Na hango wani tsoho a ƙasa, sai na zagayo ta sama don kada in takura masa."

Ta dafe kai. "Tsohon nan babana ne. Yau ka jawo mana."

A wurinmu, wanda ya riga shiga kogi shi ke da ruwan da ke gabansa. Yana haurawa a hankali ta bayan kifin, duk wanda ya tsallake shi ya shiga ta sama ya kora masa su, ya ɓata masa yini. Mahaifin nata, tsoho Hosoe, ya iso, ya dubi sawun takalmi a kan yashi, ya dubi Shinpei, ya naɗe gorarsa ta kamun kifi ya kama hanyar gida.

Kazuha ce ke tsaron shagonsu, ita ce kuma ke ɗaure wa mahaifinta kebari, ƙugiyar nan da ake naɗe wa gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro. Tsohon ba ya ba kowa tasa, ko ɗan'uwansa. Shinpei ya je ba da haƙuri, aka ce mai gida ba ya nan, alhali ga takalmansa a bakin ƙofa. Ya dawo sayen zare. Ya sake dawowa sayen zare. Kafin furannin bishiyar ceri su zube ya tara zaren da zai ishi ƙauyen nan kaf, ya kuma samu lambar waya.

"Tsuntsuwata, yau ma akwai gashi a sumarki. Ban faɗa miki ba don kada ki cire."

"Ɗan Tsallake, ka daina kallon kaina ka kalli hanya. Ka ci abinci kuwa?"

"Na ci. Amma ba na ƙoshi sai ranar da na gan ki."

Da maganar aure ta kai kunnen tsohon, ajiye ƙoƙon shayinsa ya yi. "Mutumin da ya ga wani a gabansa ya zagaye shi, shi zan ba 'yata? Gobe idan ke kika tsaya masa a hanya fa?"

"Baba, rashin sani ne."

"Bai sani ba, bai kuma tambaya ba."

Kazuha ta yi kuka, don ba za ta yi aure ba sai da yardarsa, Shinpei ma ya san haka. Tun daga ranar, duk Lahadi sai ya jira tsohon ya shiga kogi, ya ba shi tazara, sannan ya bi bayansa yana jefa ƙugiya a ruwan da aka riga aka taka. Kifi kuwa ba sakarkaru ba ne. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, kwandon Shinpei ko ƙarni bai yi ba. Gaskiya ya ba mu tausayi, amma mun sha dariya.

Wanda ya fi kowa dariya shi ne Masaomi, mai gidan saukar baƙi, wanda ya daɗe yana zarya a shagon saboda Kazuha. Wata rana ya tare Shinpei a gada yana shafa hularsa.

"Malam mai gadin bayan tsoho! Yau me aka kamo, mura? Ka ga wannan?" A jikin hular akwai kebarin gidan Hosoe. "Ba sai na faɗa maka hannun da ya ba ni ba."

Zuciyar Shinpei ta karye. Ya daina zuwa shago, saƙonni suka taru bai buɗe ba. Abin mamaki, Lahadi na zuwa sai ga shi a bayan tsohon kamar kullum. Da ya gaji da azabtar da kansa ya buɗe wayar, ga abin da ya tarar:

"Na ji abin da Masaomi ya nuna maka. Ka je ka duba ƙugiyar, duk ta yi tsatsa. A reshen bishiya ya ciro ta, inda ta maƙale wa Baba bara. Kai da za ka iya bin ruwa babu kifi wata da watanni, ka kasa tambayata kalma ɗaya? Ka sake yin kuskuren farko, Ɗan Tsallake. Amma ina nan."

A guje ya isa shagon, ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa teburin shagon. "Na tuba, Tsuntsuwata. Daga yau komai zan tambaya."

"To tambayi ko na yafe."

"Kin yafe?"

"Sayi zare tukuna."

Aka rufe kamun kifi na shekarar, ƙanƙara ta lulluɓe kwarin, ta sake narkewa. Ranar buɗewa tsohon ya shiga ruwa, Shinpei na biye. A ƙasan wani babban gurbi, inda kowa ya san manyan iwana ke kwanciya, tsohon ya tsaya cak. Shinpei ma ya tsaya. Tsohon ya waigo, karo na farko.

"Kai, zo nan. Sawunka ya dame ni."

Shinpei ya matso. Tsohon ya kama zarensa, ya tsinke ƙugiyar kanti ya jefa a aljihu, ya ɗaura masa tasa da yatsunsa masu sanyi.

"Wuce gaba."

"Baba, ba zan sake shiga gabanka ba."

"Baƙo ne ke shiga gaban mutum. Ɗa kuwa, tura shi ake yi. Wuce, gwiwata na ciwo."

Daga kan dutse Kazuha ta toshe bakinta, hawaye na bin yatsunta. Shinpei ya haura, ya jefa, ƙugiyar ta tafi kai tsaye ta maƙale a reshe.

"Kai, wannan suruki sai a hankali," in ji tsohon.

An ɗaura auren a ɗan wurin ibadar da ke saman kwarin, kafin a rufe kogi. Aka gasa iwana da gishiri, har Masaomi ya ci biyu. Da aka nemi uban amarya ya yi magana, ya miƙe da ƙyar ya dubi su biyun.

"Ku zauna lafiya, ku tsufa tare, ku ga jikokinku. Kada ɗayanku ya zagaye ɗaya. In ɗaya ya tsaya, ɗayan ya jira."

Ya miƙa hannu ya cire ɗan gashin tsuntsun da ya maƙale a kwalliyar kan 'yarsa, ya juya shi a yatsunsa, sannan ya ɗora a tafin ango.