Man Shanun da Iya Ta Binne

A zamanin da, a wani ƙauye, akwai wata tsohuwa wadda babu mai man shanu irin nata. Duk jaririn da aka haifa, da manta ake shafe masa cibi.

Wata rana ƙaya ta soke ta a yatsa, yatsan ya ruɓe. Ta ci gaba da kaɗa nono, sai man ya fara ɗaci. Ta tafi wurin malamin asibiti.

Malamin ya ce, "Iya, ƙwayoyin cuta ne. A fatar jikinsu akwai wani abu mai narka maiƙo. Da shi suke huda naman yatsanki, da shi suka ɓata miki mai."

A makon nan 'yarta ta haihu. Ungozoma ta zo da 'yar ƙwarya ta ce, "Iya, kawo man jikanki."

Tsohuwa ta ce, "Ba zan bayar ba."

Ungozoma ta ce, "Ke da ake yi wa kirari? Ɗan ɗaci ne kawai, wa zai sani?"

Ta ce, "Cibin zai sani. Ba zan bayar ba."

Mata suka yi ta shewa, suna cewa rowa ta kama Iya da tsufa. Ita kuwa ta haƙa rami a bayan gida ta binne man duka. Ta hana kanta taɓa jaririn har yatsan ya warke.

Cibi ya bushe lafiya. Ranar da ta fara ɗaukar jikan nata, ta ɗaga shi sama ta ce wa matan, "To, ku zo ku duba aikin marowaciya."